Gassan da Zoben Ruwa

Faɗana na farko da Gassan ranar Laraba muka yi shi, ranar da ake sako wa unguwarmu ruwan famfo a garinmu Zarƙa. Sau ɗaya ne a mako, duk wadda ta yi sakaci kuwa sai ta yi kwana shida tana lissafin kofi. Na hau saman bene da kwandon wanki, sai na tarar da shi a tsugune gaban famfo. Ya ɗauko babban farantina na mansaf, abincinmu na shinkafa da naman rago, farantin da ba ya fita sai biki ko rasuwa, ya kife shi, ya sakar masa ruwa yana kallo. Ruwa na ta malala zuwa kwata.

"Ustaz, rago ka yanka ban sani ba?"

"Khalti, zo ki ga wani abu."

"Na gani. Na ga tankina ko rabi bai kai ba."

Gassan ɗa ne ga ƙanwata Widad, Allah ya ji ƙanta, shi ya sa yake ce mini Khalti, a hawa na uku yake zaune da iyalinsa. Shekara goma sha shida yana koyar da kimiyya a sakandaren maza. Da ya gama jami'a shi ne na ɗaya, har an fara yi masa maganar ƙasar waje, sai ɓarin jikin mahaifinsa ya shanye. Shekara bakwai Gassan yana ɗaga shi yana kwantarwa, yana yi masa aski, bai taɓa ɗaure fuska ba. Da tsohon ya rasu sai ya koma wa littattafansa, ya zaɓi abin da ya fi komai nisa da Zarƙa.

Ranar ya kama hannuna ya tsugunar da ni, da gwiwoyin nan nawa.

"Dubi inda ruwan yake sauka. Yana bazuwa da gudu, siriri kamar takarda. To ga nan, kin ga zoben? Ya yi tsalle, ya yi kauri, gudunsa ya mutu. Haka rana take. Tana hura wata iska ta kowane gefe, ta wuce duniyarmu, ta wuce sauran duniyoyin. Can da nisa sai ta gamu da abin da ke tsakanin taurari, shi ma yana turowa. Nan take sai ta rage gudu, ta cunkushe, ta ɗau zafi. Duk tauraron da ke hura iska yana da irin wannan iyakar."

"Ita ranar sau nawa ake sako mata ruwa a mako?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na kashe famfon na ƙwace farantina.

Da yamma ya sauko da wata takarda. Wata jami'a a ƙetare tana ɗaukar malaman makaranta su je su yi bincike, da sharaɗi biyu: mutum ya turo aikin da ya yi da hannunsa, kuma kada ya cika arba'in. Gassan yana da talatin da tara da wata huɗu. Ba shi da na'ura, ba shi da ɗakin gwaji, faranti da famfo kawai yake da su. Na dubi furfurar da ta fara fito masa, na tashi na miƙa masa farantin.

Sai ga wata matsala. Zoben ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya auna, ya rubuta, kafin ya ɗago ido zoben ya tsuke, can kuma ya buɗe. Laraba uku yana zagin ma'auninsa.

Ina shanya na ce, "Umm Basil ce ta kunna injinta."

"Wane inji?"

"Na jan ruwa, Ustaz. Ta hawa na ɗaya. In ta kunna, namu ya rage ƙarfi. Sauka ka duba."

Ya sauka, ya dawo yana haki. A wannan gidan aka haife shi, amma bai san ranar Laraba ruwan na mai babban inji ba ne, don bai taɓa cika tanki da kansa ba. Zoben ya sake tsukewa, na ce masa wannan mai gasa kaji ne na bakin titi yake wanke daɓe. Ya zuba mini ido kamar yau ya fara ganina. Ya ce wai rana ma haka take yi, iskarta takan yi ƙarfi ta yi rauni cikin shekara goma sha ɗaya, iyakar kuma ta matsa waje ta dawo ciki. Ya sumbaci kaina ya ce ai wannan shi ne aikin ma gaba ɗaya.

Daga ranar na bar masa awa biyu na farko, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, na mayar da wankina bayan la'asar. Umm Basil tana yi mini tsiya wai na shiga jami'a da tsufa. Na shanye.

Wata biyar ya cika littafi uku. Na ce ya tura, ya ce saura awo kaɗan. Wata shida, wai Turancin bai zauna ba. Wata bakwai, ya zauna a kicin ɗina yana juya shayi har ya huce.

"Khalti, mutanen nan suna da kumbon da ya je iyakar iskar ranar da kansa. Ni kuma in aika musu da farantin mansaf?"

"Sun ce kada a turo faranti?"

"Ba su ce ba."

"To me ya rage?"

Ranar Alhamis za a rufe karɓa. Ya rantse mini da kabarin uwarsa zai yi awo na ƙarshe ranar Laraba ya tura. Tsakiyar zafi ne, Larabar ta zo, ba a sako ruwa ba. Tun hantsi muna saman bene, famfo sai tari yake yana fitar da iska. Na ce yana da Laraba talatin a rubuce, ta talatin da ɗaya ba za ta ƙara masa komai ba. Ya ce aiki ba ya tafiya da giɓi. Yana faɗa ina kallonsa, kafaɗunsa sun sauka, har da ɗan murmushi. Ruwan ya zo ranar Juma'a.

Bayan wata biyu ya nemi a mayar da shi wata makaranta a Akaba, wai iskar teku za ta yi wa matarsa kyau. Ranar tafiya ya tsaya a ƙofata da jaka a hannu, yana cewa akwai wuraren da ba sa duba shekaru, baɗi in Allah ya so, da ma ruwan nan bai yi masa haka ba.

Ban ba shi hannuna ya sumbata ba. Na ce, "Gassan, kada ka je Akaba ka ce ruwa ne ya hana ka. Gaya wa kowa haka in ka ga dama, ban da ni. Ina tsaye a gefenka ranar da famfo ya bushe, na ga yadda hankalinka ya kwanta. Sauka, mai mota yana jiranka."