Tafiyar-Zaunen Irimiya

Alisabatu mai doya tana ƙaramar yarinya jirgin ƙasa ya iso Minna, a bakin tashar nan kuma ta girma. 'Yar Gbagyi ce, a kafaɗa take ɗaukar kayanta, Hausarta kuwa ta kasuwa ce, wadda ta tsinta wajen leburori da masu nono. Amma Allah ya ba ta baki. Duk abin da ta gani ba ta san sunansa ba, ba ta tsayawa tambaya, sai ta raɗa masa nata. Famfon tasha ita ta fara ce masa rijiyar-tsaye. Ƙarfen nan da ke ɗaga hannu ya tsayar da jirgi ta sa masa dakata-malam. Yau a yi mata dariya, gobe ka ji sunan a bakin masu dariyar.

Ta auri Irimiya, manomi mai sanyin hali. Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka ɗauke shi soja zuwa ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Ya dawo a 1946 da hannuwansa da ƙafafunsa, har aka yi godiya a majami'a. Sai da baƙi suka watse Alisabatu ta gane ba duka mijinta ya dawo ba. Yana cikin cin tuwo sai ya ƙame, loma a hannu, ido a bango, har miya ta huce. In jirgi ya yi kuwwa sai ya kife ƙasa ya rufe kai. Wani lokacin ya yi ta hira da abokan da ya binne a can.

Unguwa tana da kalma ɗaya tak ga irin wannan, wato hauka. Yona, yayan Irimiya, shi ya fara furta ta, ya ce a kai shi wajen wani mai magani a ƙauye a sa shi a turu. Alisabatu ta ajiye muciya ta dube shi.

"Yaya, mahaukaci yana wanka? Yana gaishe ka da safe? Wannan ba hauka ba ne, tafiyar-zaune ce. Yana zuwa, yana dawowa."

Nan take ta ƙirƙiri kalmar, don kawai ta toshe bakin Yona, amma sai kalmar ta zauna. Ta ƙara wasu. Kifewar da yake yi in ya ji kuwwa ta zama gaisuwar-ƙasa. Hirarsa da matattu kuwa, sai ta ce wa maƙwabta, "Baƙin-kai sun zo, ku rage murya." Ranar da ya tashi garau ya ɗauki fartanya, wannan buɗewa ce, kuma ranar buɗewa har nama takan saya. Matan wasu tsofaffin sojoji suka ari kalmomin, don su ma suna da irinsa a ɗaka, sun rasa yadda za su faɗa.

Wanda ya fi kowa riƙe kalmomin nan shi ne Irimiya kansa. Wata rana suna ɓare gyaɗa ya tambaye ta, murya ƙasa-ƙasa, "Sabatu, gaya mini gaskiya, na haukace ne?"

"A'a, Maigida. Tafiya kake yi, ni kuma ina jiranka."

Ya yarda da ita, don bai taɓa kama ta da ƙarya ba. Da wannan amsar ya yi shekaru yana noma, yana zuwa majami'a, yana cewa da bakinsa, "Jiya na yi tafiyar-zaune," ba kunya ba fargaba.

Wata ranar kasuwa ya raka ta tasha da doya. Injin jirgi ya saki tururi da ƙara a daidai lokacin da wani ma'aikacin tasha ya dafa shi ta baya don ya matsa. Kafin a ce me, Irimiya ya kayar da mutumin ya murɗe masa hannu har ya karye. 'Yan doka suka kai shi gaban alƙali.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri. Ya bar Alisabatu ta yi bayani, ta jero masa tafiyar-zaune da gaisuwar-ƙasa da baƙin-kai, yana saurare har ta ƙare.

"Baiwar Allah, na ji ki," in ji shi. "Amma ni abu biyu na sani. In mai hankali ne ya karya hannun mutum, gidan yari za shi. In ba shi da hankali, in damƙa miki shi ki tsare. Ke kika fi kowa saninsa. Wanne ne?"

Ta san gidan yari: ƙofa a kulle, tsawar gandiroba, ba mai cewa a rage murya. Ba zai fito da rai ba. Ta juya ta ga Irimiya a durƙushe yana kallonta hankali kwance, don ya tabbata ba za ta ce mahaukaci ne ba. Zuciyarta ta karye. Ta lalubi wata kalma ta uku, ita da kalma ba ta taɓa yi mata wuya ba, ba ta samu ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "mahaukaci ne."

Aka sallame shi. Suka kama hanyar gida, tana gaba yana baya. Sun kusa ƙofa ya tsaya.

"Sabatu, tun yaushe kika sani?"

Ta rantse masa don ta cece shi ne ta faɗa, ta yi kuka, ta maimaita. Ya gyaɗa kai kawai. Daga ranar bai ƙara ɗaukar fartanya ba, bai ƙara tambayarta komai ba. In maƙwabci ya gaishe shi sai ya ce, "Ku bar ni, ba ni da hankali." Bai kai damina biyu ba ya rasu.

Alisabatu ta ci gaba da sayar da doyarta a tasha har ta tsufa. Sababbin abubuwa suka yi ta shigowa gari, masu saye kan nuna mata su ce, "Iya, wannan fa me za mu ce masa?" Sai ta ce su tambayi wanda ya kawo shi.