Ta Rubuto Mini "Meyo", Na Ce Mata Madalla

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ina 'yar shekara goma sha shida, muna zaune a Guangzhou ta ƙasar China, inda mahaifina yake saro tufafi yana aikawa Kano. Yarinya ce ni mai baki, komai sai na tofa, kuma ina ganin na fi kowa wayewa. Tun ina shekara goma nake da ciwon suga, irin wanda sai da allurar insulin kullum ake rayuwa. A asibitin da nake zuwa na haɗu da 'yan mata uku masu irin ciwona: biyu 'yan Nijar, ɗaya 'yar zangon Kumasi da take zaune da mahaifiyarta mai aikin loda kaya. Muka buɗe zaure a waya, mu huɗu, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni na naɗa kaina shugaba ba tare da kowa ya zaɓe ni ba.

Da farko kowace safiya sai kowa ta turo lambar sugan da ta auna. Da na ga lambobin suna sa wasu jin kunya, sai na kawo doka: wadda take lafiya ta rubuta "meyo" kawai. Kalma ce ta masu shaguna a can, ma'anarta babu. Ka tambayi kaya su kaɗa hannu su ce meyo. A wurinmu ta zama babu matsala, kuma na yi ta alfahari da wannan dabara tawa. 'Yar Kumasin ita ce ƙaramarmu, ita ce kuma ta fi maƙale mini. Takan roƙe ni tsinken gwajin suga ko auduga, ni kuma ina kwaikwayon Hausarta ta zango ana dariya. Wata Juma'a muna cin taliya na ce mata a gaban sauran ita kullum a ba ni a ba ni, kamar ni na haife ta. Ta yi dariya tare da mu. Daga ranar ba ta sake roƙona komai ba, ni kuwa ko a jikina.

Cikin tsananin zafi firjin ɗakinsu ya mutu, insulin ɗinta ya lalace, mahaifiyarta kuma ta yi tafiya wani gari duba kaya. Duk wannan daga baya na sani. Abin da na gani kawai shi ne, ranar Talata da azahar, ina kasuwar Shahe tare da mahaifiyata, ta rubuto mini meyo. Ba a zaurenmu ta rubuta ba, ni kaɗai ta turo wa, kuma ba lokacin da muka saba ba ne. Na duba, na rubuta mata madalla, na mayar da waya jaka. Washegari da la'asar ta sake turo kalmar. Wannan karon ko rubutu ban yi ba, hoton babban yatsa na aika mata. A firjinmu akwai alƙaluman allurar insulin huɗu a gefen robar yaji, kuma tsakanin gidanmu da nasu tasha biyu ce a jirgin ƙasa.

Ranar Alhamis wata maƙwabciyarsu ta same ta kwance tana numfashi sama-sama. Likitoci sun yi iya yinsu kwana biyu, rai ya yi halinsa. Da aka gaya mini ina wanke-wanke, sai da na ƙarasa na kife kwanukan. Ban yi kuka ba. A wurin gaisuwa mahaifiyarta ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, ta ce 'yarta kullum tana faɗa mata cewa ta yi yaya a China, shi ya sa ma ta yi tafiyar hankali kwance. Ta tambaye ni ko marigayiyar ta neme ni a kwanakin nan. Na ce ta rubuto mini cewa babu matsala. Har yau ban san ko gaskiya na faɗa mata ko ƙarya ba.

Yanzu shekara shida ke nan, mun dawo Kano, na yi aure. Ina cin abinci, ina yin allurata a kan lokaci, ana ba da labari ina dariya, amma kamar wata nake kallo tana yin duk wannan. Saƙonnin suna nan a tsohuwar wayata, wani lokaci nakan sa mata caji in buɗe su in zuba musu ido, ba na jin komai.

Na rubuto ne saboda na ji matasa masu ciwon suga suna ta buɗe irin zaurenmu. Ku buɗe, yana da amfani, mu ma ya riƙe mu. Amma kada ku gajarta gaisuwar lafiya har ta koma kalma ɗaya, kuma kada ku yi wa mai roƙo gori ko da wasa, don wanda aka kunyata sau ɗaya ba zai sake faɗa a fili ba. Ni na hana ta cewa a ba ni, sai ta yi amfani da kalmar da na bar mata. Idan wani ya ce muku babu, ku kira shi ku tambaye shi: babu me?