Jawabin Takalman Roba

A farkon shekarun tamanin, lokacin da nake akawu a wata masana'antar jima a Challawa, babu wanda ya kai ni tsoron magana a gaban jama'a. Ko a walimar aurena da aka ce in tashi in yi godiya, tari na yi, kawuna ya ƙarasa. Saboda haka da manajanmu ya tashi neman wanda zai yi wa leburori jawabin kiyaye lafiya a wurin aiki, a gaban manyan baƙi daga gwamnati, wa zai zaɓa in ba ni ba?

"Kai ne mai tsaftatacciyar riga," in ji shi. Ka ji cancanta.

Manajan nan ya taɓa zuwa kwas Ingila, kuma tun da ya dawo bai bar kowa ya manta ba. Ya zaunar da ni ya ba ni sirrin Turawa: in ɗauka duk mutanen da ke gabana kabewa ce a gona. Na gwada a raina, sai na ga kabewa da babbar riga, mai ikon sa a kore ni daga aiki. Tsorona ya ƙaru.

Da labari ya bazu, sai ga shi ashe duk unguwarmu ta Panshekara gwanayen jawabi ne, dama ce kawai ba su samu ba. Direban kamfani ya ce in ajiye ɓarin goro a kunci. Maƙwabcina, wanda ko sallama sai ya yi in-ina, ya ce sirrin shi ne in kafa wa bango ido. Mahaifiyata kuwa addu'a ta yi mini, ta ce in ci abinci kafin in fita. Ita kaɗai ce ba ta cuce ni ba.

Na yi ta gwaji a tsakar gida, matata tana tankaɗe. Na ɗaga murya, ta ce, "Malam, da wa kake faɗa?" Na sassauta, ta ce, "To yanzu kuma wa ya rasu?"

Ranar ta zo. Aka share ɗakin cin abinci, aka jera wa baƙi kujeru a gaba, kowannensu da hankici a hanci, don warin jima ba ya sanin babban mutum. A baya kuma leburori ne a kan benci, mutanen ƙauyukan kusa da na Gumel da na Damagaram, hannuwa duk sun tsattsage saboda ruwan jiƙa fata. Manaja ya gabatar da ni a matsayin ɗalibinsa, ya miƙo mini makirufo.

Takardar jawabina tana hannuna. Na buɗe baki zan yi sallama, goron direba ya zarce maƙogwaro, na yi ta tari lasifika tana rarraba wa jama'a. Da ƙyar na soma karatu, idona a bango, muryata kamar ta ɗan akuyar da aka ɗaure a rana. Lasifikar ma sai ta ɗauke ta dawo. A haka na rarrafa har na kai inda aka rubuta cewa wajibi ne kowane ma'aikaci ya sa takalman roba da safar hannu kafin ya shiga ramin jiƙa fata.

Sai wani dattijo mutumin Damagaram, wanda ya fi kowa daɗewa a ramin, ya ɗaga hannu.

"Malam akawu, mun ji karatu, Allah ya ƙara basira. To takalman nan, a ƙafar wa suke?"

Kowa ya dubi ƙasa, har baƙin. Silifas ne da takalman taya, wasu ma ƙafa ce yadda Allah ya yi ta. Manaja ya shiga yi mini alama da gira in wuce. Ni kuwa kaina ya riga ya kulle, kuma bakin matsoraci abin da ya fi kusa yake ɗauka.

"Suna sito, Baba," na ce. "Tun bara. Makullin yana wurin manaja."

Lasifikar da ta yini tana shaƙewa, a nan ta ga damar yin aiki. Har masu gadi a bakin ƙofa sun ji.

Sai dariya ta ɓarke daga baya ta gangaro gaba. Abin mamaki, sai na ji tsoron ya sake ni. Wanda ya riga ya faɗa kogi ba ya gudun yayyafi. Na ajiye takardar, na dubi dattijon, na ce ko akwai sauran tambaya. Akwai kuwa. Wani ya yi maganar ƙaiƙayin hannu, wani ta famfon wanka da ya mutu. Abin da na sani na faɗa, wanda ban sani ba na ce ban sani ba, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Babban baƙon ya ce yana son ganin sito. A gabansa aka raba takalman, manaja yana miƙa wa kowa da murmushi, yana bayanin cewa dama yau ya shirya rabon.

Hukuncina bai daɗe ba. Manaja ya ce tunda bakina ya buɗe, daga yau duk Litinin ni zan yi wa masu aikin safe da na rana jawabi, in an buƙata kuma a tura ni reshenmu na Sharada da na Bompai. A tunaninsa ya yanka ni. Gabana bai daina faɗuwa ba, har yau ma yana yi, amma na koyi in nemi fuska ɗaya mai son jin magana in yi da ita, sauran su biyo baya. Ƙarin girma dai ban gan shi ba muddin yana kujerar.

Da aka yi masa canjin wurin aiki, ni aka sa in yi jawabin ban kwana. Ban tsawaita ba. Na roƙi Allah ya saka masa daidai da abin da ya yi mana. Ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba.