Kar-ka-motsa

Yayana mai hoto ne, kuma a layinsu ba mai kiransa da sunan yanka. Kar-ka-motsa ake ce masa, don da wannan maganar ya tsufa a bayan kyamara. Hoton da ya ɗan girgiza yaga shi yake yi, ko da mai shi ya ce yana so. Mutum ne mai kirki, sai dai taurin kai.

Sai ga autarsa, 'yar firamare, ta fara abin da ya fi tsana. Kafaɗa ta zabura, yatsu su yi ta rawa, cokali ya suɓuce. Ya ce iya shege ne. Tun tana cewa ba da gangan take yi ba, har ta daina magana in yana gida. Abin ya dame ni, na matsa muka je asibiti.

An manna mata wayoyi a kai don auna aikin ƙwaƙwalwa, aka ce ba farfaɗiya ba ce. Aka ba ta maganin barci, aka tura ta cikin na'urar hoto. Da hoton ya fito, Yaya ya ɗaga shi saitin taga, irin na masu sana'a. Tas, ko'ina ya fito.

"Ba abin da ya nuna," in ji likitar da ta duba ta.

"Kin ji ko?" ya ce da ni. "In ta ga dama tana tsayawa."

"Barci take yi, Baba," likitar ta ce. "Wannan ciwon da barci yake lafawa. Ta yi ciwon maƙogwaro kwanakin baya?"

Ta yi. Likitar ta ce daga nan ya taso, kuma sau da yawa hoto ba ya kama shi. Da magani zai wuce, amma sai an yi haƙuri.

Yaya ya ajiye hoton, muka koma gida.

Da makaranta ta nemi hoton Auta, ta zauna a kujerar shagonsa, ta danne hannu ɗaya da ɗaya, tana jiran maganar nan tasa. Na ga bakinsa ya buɗe.

"Saki hannunki, Auta," ya ce. "Zauna yadda kika iya."

Hoton ya fito da hannu kamar hayaƙi. Ta warke tuni, amma yana nan rataye a saman teburinsa, kuma duk wanda ya ce ya girgiza, sai Yaya ya ce ya sani.