Gwangwanin Madara a Kan Kurfoti

Ɗana na fari yana aji biyar aka fara yayin bindigar ashana a unguwarmu ta Hashimi. Ƙarshen shekara ne, 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Kudu suna ta fasa nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, namu kuwa suka ƙera tasu da wayar keke da ƙusa. Ni malamar kimiyya ce a firamare, amma ashanar girkina ta gagare ni tsarewa. Na yi faɗa, na yi duka, ko a jikinsa. Kullum zuciyata tana kan yatsun yaron nan, don na ga irin ƙunar da abin yake yi.

Da na gaji, wata Asabar da hantsi na tara shi da abokansa a tsakar gida, na hura gawayi a kurfoti. Na barbaɗa gishiri, wuta ta yi rawaya. Na tura wayar tagulla, ta yi kore. Garin ƙarfen da na roƙo wajen wani mai walda a Gauraka kuwa tartsatsi ya yi ta yi, yara suna tsalle. Na ce musu launukan da suke gani a sama ran Kirsimeti ke nan, babu wani siddabaru.

Sannan na zuba ruwa kaɗan a gwangwanin madara, na danna murfi, na ɗora, na kora kowa bayan turmi. Can sai fau! Murfi ya daki kwanon rufi, kajin maƙwabciyata suka watse.

"Tururi ne ya rasa hanya," na ce. "Hayaƙin ashana ma haka yake yi in an toshe shi."

Kowa na dariya ban da ɗana.

"Mama, in murfin ya ƙi fita fa?"

"Sai gwangwanin ya tarwatse."

"Ko paip ɗin ƙarfe ne?"

"Shi ya fi muni. Da hannun mai riƙe da shi yake tafiya."

Ya zagaya bayan duron ruwa, ya dawo da guntun bututun famfo, an toshe bakinsa biyu tam. Ya ce wata guda suna cusa masa kan ashana, gobe za su kunna, kuma shi aka zaɓa ya riƙe.

Na karɓa a hankali na nutsa shi cikin bokiti. Na zauna daɓas a ƙasa. Ya matso yana jiran mari. Ni kuwa hannayensa biyu na kamo, na kifa fuskata a kai ina ta hamdala, har ya fara mutsu-mutsu don kunyar abokansa.