Phuljhari a Kan Katakon Zaɓe

Sau ɗaya na ga an kayar da Phuljhari a faɗa, shi ma sai da aka haɗa ƙarti huɗu. Washegarin zaɓe ne. Makarantar garinmu a nan ake jefa ƙuri'a, don haka aka shimfiɗa katako a kan matakala biyar ɗin ƙofa, saboda tsofaffi irina su haura su dangwala. Da aka zo kwashewa, sai aka tarar da ita zaune daram a kansa, ta ja sari, wato zanenta, ta rufe kai.

"Tashi mana, Inna, kayan hukuma ne."

"Ni ma kayan hukuma ce, jiya na dangwala. Ga tawada."

Suka ɗaga katakon har da ita, suka ɗora a tarakta. Sai a bakin gada ta sauko, ta dawo a ƙafa tana zagin kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Na yi dariya har haƙorina na gaba ya girgiza. Yau in na tuna ba na yi.

'Yarta Manorma shan inna ya cinye mata ƙafafu tun tana shekara biyu, amma kai kamar wuƙa. Uban ya tafi aikin bulo a Panjab, har yau yana hanya. Phuljhari ba ta iya rubuta sunanta ba, sai dai ta haddace abu guda: doka ta ce kowace makaranta ta yi gangaren keken guragu. Hedimasta kuwa, wanda muke kira Mastaji, kullum amsarsa ɗaya, takarda tana sama.

Shekara bakwai tana goya yarinyar ta haye matakala, ta koma ta ɗauko mata kekenta na guragu, sannan ta wuce dashen shinkafa. Da rana ta dawo ta kai ta bayi. Nakan tsokane ta: "Uwar Manorma, ke ce za ki ci jarrabawar nan, kin fi malamai zuwa."

"Rufe bakinki, tsohuwar banza," in ji ta, tana haki.

Yarinya ta girma, uwa ta ƙanƙance. Saura shekara biyu Manorma ta gama, gadon bayan Phuljhari ya ƙi miƙewa. Aka jingine keken a rumfa, kaji suka mai da shi wurin kwana. Bayan wata uku aka soke sunan yarinyar a rajista, wai ba ta zuwa.

Ranar da sufeto ya zo duba makaranta, Phuljhari ta dogara sanda ta je, na bi ta don gulma. Suka yi ta cacar baki da hedimasta, har ya buɗe wa sufeto rajista.

"Ranka ya daɗe, duba da kanka. Gangaren me? Ba mu da gurgu ko ɗaya."

Phuljhari ta juya ga hedimasta.

"Gaskiyarka, Mastaji. Kuna da ita muddin ina da baya. Yanzu rubuta mu biyu, duk muna gida."