Ɓauren Safiatou a Bayan Katanga

Duk direban da ya daɗe yana jiran fasinja a filin jirgin JFK ya san Malam Souley, in bai san sunansa ba to ya san butarsa. Shuɗiya ce ta roba, tun daga Tawa ya zo da ita, kuma ba ya ba da aronta. Ni Uwaisu, shekara goma sha ɗaya muna ajiye mota kusa da juna, kafin abin da zan ba da labarinsa sau biyu kacal na yi alwala da ita. Dogon mutum ne mara yawan magana, ga taurin kai. In na tsokane shi na ce Hausarsu ta ƙauye ce, sai ya ce, "Kai dai tahi can da Hausarka ta 'yan kasuwa."

Da ƙuruciyarsa ya shigo New York. Ya fara da tebur a titin 125 na Harlem, yana sayar da tabarau da bel da agogon da ba ya kai wata biyu. Da aka tashi masu tebur daga titin sai ya koma tuƙi. Shekara ashirin suka yi a hawa na biyar na wani bene a unguwar Morrisania, shi da matarsa Safiatou da 'yarsu guda, Firdaoussi. Kukansa kullum ɗaya ne. Ya kan ce, "Mutum shi kwana bisa kan wani, wani shi kwana bisa kanshi. Ko ƙasar da zan tsugunna in ce tawa ce babu."

Bayan wata babbar guguwa da ta yi wa bakin teku ɓarna, mutane na ta gudun ruwa, shi kuwa Souley sai ya nufi ruwan. Ya sami ɗan gidan katako a unguwar Far Rockaway, ɓangaren da ke kallon ruwan Jamaica Bay. Mun yi masa dariya. Mutumin da ya tashi inda ake roƙon ruwa da azumi, shi ne zai kwana da teku a bayan ɗaki. Bai kula mu ba. Abin da ya gani shi ne filin bayan gidan, taku goma sha biyu daga ƙofar kicin zuwa wata tsohuwar katangar katako da aka kafa cikin laka tun kafin a haife shi. Ruwan wurin sau biyu yake hawa a rana, sau biyu yake janyewa. Katangar ce ke riƙe da ƙasar. In babu ita babu filin.

Maƙwabcinsu wani tsoho ne ɗan asalin Italiya. Shi ya ba Safiatou reshen ɓaure, ya koya mata yadda ake naɗe shi da tsohon bargo da igiya in sanyi ya shigo, don kada ƙanƙara ta kashe shi. Ta dasa shi kusa da katangar, inda rana ta fi zama. Ya kama, ya girma har ya wuce tsayin Souley. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Safiatou. Danginta suka nemi a kai ta gida, aka kai ta. Souley da kansa ya bi motar gawar har sashen kaya na filin jirgin da yake jiran fasinja kullum. Kabarinta na Tawa, shi yana nan. Abin da ya rage masa wanda ta taɓa da hannunta kuma yake da rai, ɓauren ne.

Bayan la'asar a gindinsa yake zama. In ɓaure ya nuna a ƙarshen lokacin zafi, sai ya zo mana da shi a leda, ya ba kowa biyu. Mutumin da ba ya ba da aron buta. Yana miƙa maka zai ce, "Na Maman Firdaoussi ne, ka yi mata addu'a."

To, katangar ta fara ruɓewa. Firdaoussi ma'aikaciyar jinya ce, yarinya mai bin abu a tsanake, ita ta buga wa ofishin da ke kula da bakin ruwan waya. Abin da ta ce sun gaya mata shi ne, katangar da ke tsaye tana aikinta, mai gida na iya kula da ita, ya canja katakon da ya lalace a inda yake, ba sai ya nemi takardar izini ba. Sabuwar katanga kuwa sai da izini. Ta yi wa ubanta bayani da Turanci, yana amsa mata da Hausa, kamar yadda suka saba. Ta ce ya ɗauki hoto kafin ya taɓa komai, kuma ya bi kaɗan-kaɗan. Tsohon maƙwabcin ma haka ya ce masa: cire ɗaya, mayar da ɗaya.

A nan laifina ya shigo, kuma ba zan ɓoye ba. Souley ya kira ni in duba masa, don na taɓa aikin gini a Kano. Na soka makullin mota a jikin katakon, ya shige kamar a dafaffiyar doya. Na ce, "Malam, wa ke yi wa ruɓaɓɓiyar katanga faci? A gida in damina ta ci katanga me muke yi? Rushewa ake, a tada sabuwa daga tushe. Ka kira gayya. Lahadi ɗaya mu cire, Lahadi mai zuwa mu kafa, a wuce wurin." Na ga fuskarsa ta saki. Dama abin da ransa ke so ke nan, faci bai taɓa burge shi ba. Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon. Haka za a yi."

Mu ashirin da uku muka hallara, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da mutanen Zango na Gana, duk wanda Lahadi ce kaɗai hutunsa. Mata suka aiko da shinkafa da miya da dambu. Firdaoussi tana wurin aiki a asibiti ranar. Muka shiga lakar da safe ruwa ya janye, ana waƙa ana tsokana, kafin azahar babu katanga. Wani mai babbar mota ya kwashe katakon kaf ya kai juji, don abin kunya ne a yi wa mutum gayya a bar masa tarkace a gida. Har shara muka yi. Tsohon maƙwabcin nan yana tsaye a shingensa ya ɗora hannu biyu a ka. Mu a zatonmu mamakin ƙarfinmu yake yi.

Ranar Laraba na kawo sabon katako, ina saukewa sai ga wata mata da takalmin roba da allon rubutu a hannu. Daga ofishin kula da bakin ruwan take. Ta gaishe mu da ladabi, ta leƙa bakin ruwan, ta tambayi Souley ina tsohuwar katangar. Ya ce mata da alfahari, an cire, an share. Ta duba allonta. Sannan ta ce, rangwamen da aka yi na gyaran abin da ke tsaye ne. Yanzu babu abin da za a gyara. Duk abin da za mu kafa sabo ne, sai injiniya ya zana, a shigar da takarda, a jira. Ta ce lakar nan da ciyawar da ke cikinta doka na kare su, a nan kifi ke hayayyafa, su ne kuma ke rage ƙarfin ruwa. Ta tambaya ko akwai hoton katangar, wataƙila ya taimaka.

Muka hau laluben wayoyi. Muka buga wa duk wanda ya zo gayyar. Hotuna sun fi saba'in, kowanne mu ne zagaye da faranti, baki duk mai. Ko ɗaya bai kama katangar ba.

Na tada jijiyar wuya, na faɗi abin da na faɗa. Ta bar ni har na gama. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne matar ba muguwa ba ce. Da ta yi mana wulaƙanci da na sami wanda zan ɗora wa. Ta rubuta wa Souley matakan da zai bi, ta ce ta yi baƙin ciki, ta tafi. Da Firdaoussi ta dawo ta ga wurin, ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce da Hausarta mai tsami, "Kawu, me ya sa?"

Wata goma sha huɗu aka yi ana jira. Sabon katakon na ajiye ƙarƙashin tamfol, ruwa kuwa ba ya jiran takarda. Kullum in ya hau sai ya yagi ɗan abin da ya samu, yau tafin hannu, gobe kamu guda. Wasu cikinmu suka ce a zo a kafa a ɓoye, wa zai sani. Souley ya ƙi. Ya ce shekara talatin da wani abu bai taɓa tsayawa gaban hukuma ba, ba zai fara da furfura ba. Tsohon maƙwabcin ya ba shi shawara ya yanki rassa ya dasa a tukwane tun da sauran lokaci. Nan ma ya ƙi. Ya ce ba ya sa wuƙa a jikin icen nan, takarda na nan tahowa.

Da kaka ta shigo aka yi iska kwana biyu, ruwan gishiri ya kwanta a gindin ɓauren. Saiwoyinsa suka fito fili. Sai a lokacin ya yarda ya yanki rassa shida, ya jera su a tagar kicin. Ko ɗaya bai yi toho ba. Da sanyi ya zo ya naɗe icen da bargo kamar kowace shekara. Da sanyi ya wuce ya kwance, ya jira ganye. Ya jira har Yuni. Shekarar nan ba a zo mana da leda ba, kuma babu wanda ya tambaya.

Takardar ta iso a watan Agusta. An yarda ya yi katanga, amma a inda ruwa ke kaiwa yanzu, ba inda yake kaiwa da ba. Injiniyan ya zo ya kafa 'yan turaku ya ja zare. Zaren ya bi ta tsakanin gidan da ɓauren, taku uku daga icen. Wannan karon ba a kira gayya ba, kamfani ne ya yi aikin. Katanga ce mai kyau, ba ni da ta cewa a kanta. Filin da ke taku goma sha biyu ya koma shida, ɓauren kuma yana waje, sau biyu a rana ruwa ke zagaye shi.

Souley na nan yana tuƙi. Ya rame, ya ƙara shiru. Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko da wasa. Da ya zage ni sau ɗaya da na ji sauƙi. Har butar ma yanzu shi ke miƙo mini ba tare da na roƙa ba, ni kuwa nauyinta nake ji.

A watan Nuwamban da ya wuce na biya ta gidan da hantsi. Ban same shi ciki ba. Na leƙa ta kan katangar, sai ga shi a ƙasa cikin laka har ƙauri, ruwa ya janye, yana ta kokawar naɗa tsohon bargon a jikin busasshen icen. Iska na ta fizge masa shi.

Na ce, "Malam, icen nan fa ya mutu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Sauko ka riƙe mini igiyar."

Na cire takalmina na sauka.